Bayan Ɗori Ya Kama: Tashi Ki Motsa Jiki

Darasinmu na yau naki ne, ke da kika samu karaya ko targaɗe, a kan babur a hanyar Lolo ko Tsamiya, ko a santsin bakin rijiya. Wata biyu kina kwance, ana ta kawo romo da tuwon shinkafa. Yau kin miƙe, zani ya matse, gwiwa ta ƙi sujada.

Ki sani, kowane kilo ɗaya da kika rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya motsa jiki minti 150 a mako, amma kar ki fara da wannan.

Na farko, likita ya duba ƙafar ya ba ki izini. Na biyu, zagaya tsakar gida minti biyar bayan Asuba, duk mako ki ƙara kaɗan. Na uku, rage malmala, ƙara ganye da kifin Kwara, bar lemon kwalba. Na huɗu, nemi abokiya, ko kishiya ce, don ranar kasala ta ja ki. In wurin ya kumbura ko zafi ya tsananta, dakata ki koma asibiti.

Kar sikeli ya karya miki gwiwa. Ma'auninki shi ne: jiya a kujera kika yi salla, yau kin yi ruku'u. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ƙara sauƙi, amin.