Ra'ayin Nitshe Game da Wasan Ban Tausayi

Gabatarwa

Ɗalibin adabin Hausa ya saba da auna wasan kwaikwayo da ma'auni guda, watau darasin da ya koyar. Wannan maƙala za ta duba ra'ayin wani masanin falsafa Bajamushe, Firedirik Nitshe, wanda ya ƙi yarda da wannan ma'auni, domin a ga abin da manazarci zai ƙaru da shi.

Mutumin da Littafinsa

An haifi Nitshe a 1844, ya rasu a 1900. Yana ɗan shekara 24 aka naɗa shi farfesan nazarin harsuna da adabin Girkawa da Rumawan dauri a Jami'ar Bazil ta ƙasar Suwizalan, a 1869. A 1872 ya fitar da littafinsa na farko, wanda ya yi magana kan yadda wasan ban tausayi ya samo asali daga kiɗa da waƙa. Masana fanninsa sun soki littafin, har shi kansa da aka sake bugawa a 1886 ya ƙara masa gabatarwa yana zargin salonsa na ƙuruciya.

Ginshiƙai Biyu na Fasaha

Nitshe ya ari sunayen gumaka biyu na Girkawa don ya bayyana ra'ayinsa. Na farko shi ne Afolo, wanda ya tsaya a madadin tsari da sura da natsuwa, kamar yadda ake gani a sassaƙa. Na biyu kuwa Diyonisus, gunkin giya da shagali, wanda ya tsaya a madadin kiɗa da shauƙin da kan sa mutum ya mance kansa ya narke cikin jama'a. A ganinsa, wasannin da ake yi a birnin Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa sun ɗaukaka ne saboda sun haɗa biyun. 'Yan amshi masu waƙa da rawa su ne tushe, sa'an nan maganganun taurarin wasa suka ba wannan shauƙi sura.

Misali shi ne wasan Sofokilis game da Sarki Idifus, wanda ya kashe mahaifinsa ya auri mahaifiyarsa ba da saninsa ba, da gaskiya ta bayyana kuma ya tsiyaye idanunsa. Mai neman darasi zai sha wuya a nan, domin mutumin ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya guje wa wannan ƙaddara. Nitshe ya ce amfanin irin wannan wasa shi ne ya sa ɗan kallo ya dubi azabar rayuwa ido da ido, duk da haka ya ƙi fid da rai, domin fasaha ta mai da abin tsoro abin da zuciya za ta iya ɗauka.

Mutuwar Wasan

Daɗin daɗawa, ya ɗora laifin mutuwar wannan fasaha a kan Yurifidis, wanda ya rage matsayin 'yan amshi, da kuma Sokiratis, wanda ya koyar da cewa hankali da hujja su ne hanyar kyautata rayuwa. Da aka nace sai kowane abu ya sami bayani, sai kiɗa ya yi sanyi.

Kammalawa

Ba dole ba ne a karɓi wannan ra'ayi ɗungurungum, musamman da yake ya tsiro ne daga al'adar da ta sha bamban da ta Bahaushe, kuma yawancin rubutattun wasannin Hausa gyaran hali suka sa a gaba. Amma ya bar wa manazarci tambaya mai nauyi. Idan an gama tsamo jigo da darasi, me ya saura a cikin wasa wanda ya sa 'yan kallo suka yi tsit? Nazarin da bai taɓo wannan ba, da sauran aiki a gabansa.