Gyaran injin markaɗe mai yoyo

Uwargida, daga wata 6 yaro na bukatar abinci mai laushi baya ga nono, kamar kunun gero da gyaɗa, wake ko kabewa. Idan injin da kike markaɗa masa abinci ya fara yoyo, kada ki yi sakaci. Abincin da ya maƙale a gindin kofin yakan ruɓe ya tara ƙwayoyin cuta masu sa zawo, zawo kuwa yana jefa yaro cikin tamowa. Ruwan da ya shiga injin kuma yana iya ƙona shi, ko wuta ta ja ki.

Da farko ki cire shi daga wuta. Ki zuba ruwa a kofin, ki ɗora shi kan busasshen ƙyalle, ki duba inda ruwan ke fitowa.

Idan daga gindi ne, ki kwance mazaunin wuƙaƙen a hankali, ki fitar da zoben roba, ki wanke shi da sabulu, ki shanya, ki mayar, ki ɗaure sosai. Idan robar ta tsage ko ta saki, ki je da ita kasuwa a ba ki daidai girmanta. Kofin da ya tsage sai a sauya shi. Kada ki liƙe shi da gam, domin abinci na taɓa wurin.

Kada ki cika kofin har ya wuce layi, kada ki zuba kunu da zafinsa. Kafin a gama gyara, turmi da rariya masu tsabta sun wadatar. Kada yaro ya rasa abincinsa ko sau ɗaya.