Shawarar Jarirai: Kada a Jira Ranar Suna

Tambaya: Likita, jikana kwanansa uku a duniya, sai muka ga idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. Maƙwabta sun ce a riƙa shanya shi a hantsi, a ba shi jiƙo. Me ya kamata mu yi? Daga wata kaka a Bukkuyum.

Amsa: Inna, barka da arziki, Allah Ya raya. Wannan ita ce shawarar jarirai. Kusan shida cikin goma na jariran da suka cika wata tara suna yin ta a makon farko, bakwaini kuwa sun fi haka. Yawanci takan wuce da kanta, amma ido kaɗai ba ya tantance mai wucewa da mai ɓarna. Ku kai shi asibiti yau a duba jininsa.

Ga yadda abin yake. Jajayen ƙwayoyin jini idan suka tsufa sukan fashe, su bar wani sinadari mai launin ɗorawa da ake kira bilirubin. Hanta ce ke tace shi, ya fita ta bayan gida. To hantar jariri ba ta yi ƙwari ba, ga shi ƙwayoyin jininsa suna saurin mutuwa, sai sinadarin ya taru.

Mutanen Bukkuyum da Anka ba baƙi ba ne ga gubar da ke bin jini ta hau kai. A 2010 dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta, ta bar wasu da taɓin ƙwaƙwalwa. Bilirubin ba daga ƙasa yake ba kamar dalma, jiki ne ke yin sa, amma idan ya yi yawa hanyarsu ɗaya. A cikin jini akwai wani sinadari, albumin, da ke riƙe shi kamar goyo. Idan ya fi ƙarfin mai goyon, ragowar sai ta ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa, ta manne wa ƙwayoyin jijiya, ta lalata wurin da suke samun kuzari. Ƙwayoyin da ke gadin ƙwaƙwalwa kuma su zabura, su saki sinadaran kumburi. Garin gyaran gira sai a rasa ido, domin kumburin kansa yana ƙara kashe jijiyoyin. Sassan da suka fi shan wuya su ne na ji da na sarrafa motsi. Shi ya sa yaron da ya tsira yakan tashi kurma, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko ya kasa zama da tafiya. Wannan rauni ba ya warkewa, amma ana iya hana shi.

Matsalarmu ita ce shawara ta fi tsanani tsakanin kwana na uku da na biyar, daidai lokacin da mai jego da ɗanta ke cikin ɗaki mai duhu ana shirin suna. Don haka kowace safiya a fito da shi bakin ƙofa inda haske yake. A danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa a saki, a duba farin idonsa da dasashinsa.

A garzaya asibiti ba jira idan shawarar ta fito a ranar haihuwa, ko ta kai ciki da tafin hannu da tafin ƙafa, ko jariri ya ƙi kama nono, barci ya yi masa yawa, kukansa ya zama tsuwa mai kaifi, ko yana banƙarewa. Ba iska ba ce, ba baki ba ne. Haka kuma idan ta wuce mako biyu, ko bayan gidansa ya yi fari.

A gida kuwa, a ba shi nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, har da dakashi, domin nono ke tura sinadarin waje. Ban da ruwa, ban da zuma, ban da jiƙo. A raba kayansa da ƙwallon kafur, kada a sa masa lalle ko man zafi. Yara maza da yawa a ƙasar nan suna da wani rauni na gado da ake kira ƙarancin G6PD, wanda waɗannan abubuwa ke sa jininsu fashewa. A tsabtace cibiya da maganin da asibiti ke bayarwa, don ƙwayoyin cuta na ƙara rura shawara.

Batun hantsi yana da tushe. A 1956 wata nas a asibitin Rochford na Ingila, Jean Ward, ta lura haske yana rage shawara, daga nan aka ƙera fitilar shuɗin haske da ake sa jarirai a ƙarƙashinta. Amma tsurar rana tana ƙona fata, ta busar da jariri, kuma ba ta isa magani ba. Ko gwajin da aka yi a Legas aka wallafa a 2015, sai da aka tace hasken da rumfa ta musamman, ma'aikata na lura. Idan abin ya yi nisa, sauya jini ake yi.

Ku fara da asibiti mafi kusa. Idan an tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ku kama hanya da sauran rana, tunda kun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ragon suna zai iya jira, Inna. Ƙwaƙwalwar jikanki ba za ta jira ba.