Ciwon Zuciya: Darasin da Za Mu Kai Gida

A wannan makon mun zaɓi mu yi nazari a kan ciwon zuciya, saboda ranar 29 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Zuciya ta Duniya. Akwai kuma wani dalili. A zangon da ya wuce mahaifin wata 'yar ajinmu ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa. Ashe ya daɗe yana jin nauyi a ƙirji, yana cewa gyambon ciki ne.

Yadda ciwon yake faruwa

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, ba ta hutu. Ita ma tana buƙatar jini, kuma tana da nata jijiyoyin da suke kai mata. Idan kitse ya taru a cikinsu sai su tsuke, kamar yadda yashi da leda suke toshe kwata. Jini ya ragu, mutum ya riƙa jin ciwo a ƙirji in ya yi sauri ko ya ɗauki kaya. Ran da hanyar ta toshe gaba ɗaya, wani ɓangare na zuciyar sai ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9 a shekarar 2019.

Abubuwan da suke jawo shi

Akwai waɗanda ba mu da iko a kansu: yawan shekaru, gado, da kasancewa namiji, don maza sun fi saurin kamuwa. Sauran kuwa ana iya yin maganinsu.

1. Hawan jini. Idan awo yana kai 140/90 ko ya wuce, akwai matsala. Mugun abin shi ne sau da yawa ba ya nuna alama, sai an auna ake ganewa. Yawan gishiri yana ƙara shi. Babban mutum bai kamata ya kai giram 5 a rana ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mu tuna dunƙulen Maggi ma cike yake da gishiri, ga kuma yaji. Daddawa da albasa da tafarnuwa suna iya ba miya ɗanɗano.

2. Ciwon suga. Yana lalata jijiyoyin jini a hankali. Mai shi ya riƙa awo, ya rage lemon kwalba da zuba suga a koko da fura.

3. Taba. Sigari da shisha duk ɗaya ne, kuma wanda yake zaune kusa da mai sha shi ma yana cutuwa. Dokar Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba.

4. Kitse da ƙiba. Yawan cin tsire mai kitse da man shanu da soye-soye yana ƙara kitse a jini. Teɓa ba alamar hutu ba ce kawai. Mu a Daura Allah ya hore mana gero da dawa da wake da zogale da rama, kuma duk suna da amfani ga zuciya.

5. Rashin motsa jiki. Kakanninmu da ƙafa suke zuwa gona, yanzu ko nan da can sai an hau babur. Manya suna buƙatar aƙalla minti 150 a mako, mu yara kuma minti 60 kullum.

Alamomin haɗari

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wanda yake iya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, tare da haki da zufa mai sanyi. In kun ga haka kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko a ce bari gari ya waye. A garzaya Babban Asibitin Daura ko asibiti mafi kusa, ko a Sandamu kuke ko Mai'aduwa ko Zango ko Baure.

Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi. Maganin yana danne cutar ne, in an bari sai ta dawo.

Aikin gida

Yau in mun koma gida, mu tambayi Baba da Inna cikin ladabi: yaushe rabonku da awon jini? Awon ba ya ɗaukar minti biyar, kuma ba zafi. Wanda iyayensa suka je ya sanar da mu, za mu rubuta adadin kowane aji a wannan allo mako mai zuwa. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare