Tsohon otal kusa da Harami: tambayoyin da ake yi kafin a biya kuɗi



Sana'ata ita ce shirya wa mutane tafiyar Umra da ziyara: biza, tikiti, masauki, da rakiya idan an sauka. Da zarar Rajab ya kama, har zuwa goman ƙarshe na azumi, tambayar da ta fi yawa a bakin masu zuwa wurina ita ce: "Malam, masaukin yana kusa da Harami?" Idan aka ce musu kusa ne, kuma kuɗin da sauƙi, sai hankali ya kwanta, a miƙa fasfo. To a nan ake yin sakaci. Masaukin da ya haɗa kusanci da araha a Makka ko Madina kusan kullum tsohon gini ne. Tsufa ba aibi ba ne, ni kaina ina sauke mutane a irinsu. Amma akwai tsohon da ake kula da shi, akwai wanda aka bar wa Allah, kuma hoton da ake turowa ta WhatsApp ba ya bambance su.

Ga yadda abin ya samo asali. A shekarar 2002 aka rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa a Makka, aka gina dogayen benayen nan masu agogo a wurin, waɗanda aka kammala a 2012. Daga 2008 aka shiga rushe unguwar Shamiyya domin faɗaɗa Harami ta arewa. Gefen yamma kuma manyan otal-otal na Jabal Umar suka mamaye. Wanda ya yi aikin Hajji shekara ashirin da suka wuce, in ya koma yau mai yiwuwa ba zai ga gidan da ya sauka ba. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi cikin gari shi ne tsofaffin benaye na Misfala, titin Ibrahim Khalil, lungunan Ajyad da Jarwal. In ba su ba, sai Aziziyya ko Kudai, inda dole sai da bas.

Alherin waɗannan tsofaffin masaukai a fili yake. Da ƙafarka za ka je salla ka dawo, ba jiran mota. Shagunan abinci, kantin magani da masu canji duk suna ƙasan benen. A Madina kuwa, wanda ya sauka cikin Markaziyya, wato tsakiyar gari, yana iya zuwa Baƙi'a da Masallacin Gamama ba tare da ya biya ko riyal ɗaya ba. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hijaz da ke Anbariyya, wadda layinta ya iso Madina a 1908, ba ta da nisa. Mai ƙarfin ƙafa yana iya bin titin masu tafiya a ƙasa har Masallacin Ƙuba, wajen kilomita uku. Uhudu da Ƙiblataini ne sai da mota. Wanda ya sauka bayan gari, rabin ranarsa a hanya take ƙarewa.

Yanzu ga abin da nake so a riƙa tambaya.

Na farko, mita nawa, kuma daga ina zuwa ina? Masu otal suna auna nisa daga ƙofarsu zuwa bakin farfajiyar masallaci. Daga farfajiya zuwa wurin ɗawafi wata tafiya ce daban, sannan sa'ayi tsakanin Safa da Marwa shi kaɗai ya kai kusan kilomita uku. Haramin Makka a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi. Mita 600 ta titin Ibrahim Khalil, inda ƙasa take shimfiɗe, ba ɗaya take da mita 600 ta hawan Ajyad ba: tafiya gangare ce, dawowa hawa ne, a lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Mu mutanen fili ne, tsohuwar da ta tashi a Babura ba ta saba da hawa ba. Ku nemi cikakken sunan otal ɗin, ku ba yaro ya duba a Google Maps, ya zaɓi tafiyar ƙafa ba ta mota ba. A Madina a ƙara da tambayar ɓangaren da otal ɗin yake, domin wuraren sallar mata sun fi karkata arewacin masallaci. Hajiyar da aka sauke ta kudu sai ta zagaye masallacin kullum.

Na biyu, lif nawa ne, kuma bene hawa nawa? Wannan ce tambayar da ba a yi, ita ce kuma ke raba mutane da jam'i. Tsohon gini yakan zo da ƙananan lif biyu, kowanne bai wuce ya ɗauki mutum shida ba, ga ɗaruruwan baƙi, kuma kowa lokaci ɗaya yake son sauka, wato in an kusa kiran salla. Na ga mutanen da ke hango hasumiyar Harami ta tagar ɗakinsu, amma aka tayar da salla suna tsaye a hawa na tara suna danna maɓalli. Wanda zai tafi da dattijo ko mai ciwon gwiwa, ya nemi a rubuta masa ɗaki a hawa na ɗaya zuwa na uku. Mai keken marasa lafiya ya tambaya ko keken yana shiga lif ɗin, kuma ko akwai matakala a ƙofar shiga.

Na uku, lafiyar ginin da hanyar fita. Ranar 5 ga Janairun 2006, ana dab da fara aikin Hajji, wani masaukin alhazai ya rufta a unguwar Gazza, 'yan taku kaɗan daga Harami, mutum 76 suka rasu. A watan Yunin 2025 gobara ta tashi a wani otal da ke Shara Mansur a Makka, inda ɗaruruwan alhazan Najeriya suka sauka. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Hukumomin Saudiyya suna duba masaukai, suna ba da lasisi, suna rufe waɗanda suka saɓa, amma akwai gidajen da ake bayarwa haya ta bayan fage. Ku tambaya ko masaukin yana da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido. Ranar da kuka sauka, kafin a kwance jaka, mutum ɗaya ya bi matakalar gaggawa da ƙafarsa har ƙasa. Sau da yawa za a tarar an jibge tsofaffin katifu da jarkoki a ciki, ko an sa wa ƙofar ƙasa kwaɗo. A gaya wa mai kula da otal nan take. In gobara ta tashi ba a shiga lif, kuma lambar gaggawa a Makka ita ce 911.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye: girki a ɗaki. Mutanenmu suna tafiya da garin tuwo, kuka, daddawa da yaji, kuma ba laifi, cikin da ya saba da tuwo ba ya jure shinkafar Bukhari kullum. Laifin shi ne a jona hita, tukunyar lantarki da cajar waya biyar a soket ɗaya na ginin da wayoyinsa suka tsufa. Wasu tsofaffin gine-ginen ma suna da soket iri biyu, mai ƙarfin 127 da mai 220, sai mutum ya jona kayansa inda bai dace ba. Ƙaramar tukunyar gas a cikin ɗaki kuwa haramtacciya ce a otal-otal. Ku nemi masaukin da ke da kicin na kowa da kowa, ko ku sayi tuwonku wurin matanmu da ke sayarwa a Shara Mansur da Misfala.

Na biyar, ɗakin kansa. Gado nawa, banɗaki nawa? "Ɗakin mutum huɗu" a tsohon otal yakan zama ɗakin mutum biyu da aka cusa wa ƙarin gado, har a rasa inda za a shimfiɗa darduma. A tambayi irin masan banɗakin, na zama ne ko na tsuguno, domin dattawanmu kowa da wanda yake iyawa. A kunna na'urar sanyaya ɗaki tun kafin a karɓi makulli. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, sama da mutum 1,300 suka rasu. Ɗakin da ba sanyi a irin wannan ƙasa ba wurin hutawa ba ne, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga.

Na ƙarshe, takarda. Kada ku yarda da kalmar "ko makamancinsa" ba tare da an ambaci sunan makamancin ba. Ta wannan ƙofa ake sayar wa mutum masaukin titin Ibrahim Khalil a Kano, ya sauka Jidda a wuce da shi Kudai. Sunan otal, adadin kwana, adadin gado da nisan, duk su shiga resit. Ku tabbatar kamfanin yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ko da kuwa ɗan unguwarku ne ya kawo muku shi. Ku kuma sani yawancin otal-otal ba sa ba da ɗaki sai wajen La'asar, kuma da Azahar ake fita. Jirgin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano ya sauka da asuba yana nufin zaman jira a falon otal, sai dai in an biya daren da ya gabata.

To wa ya kamata ya zaɓi tsohon otal na tsakiyar gari? Matashi mai lafiya, da wanda ya fi son ya yini a masallaci ya dawo ɗaki barci kawai, wannan ya dace da shi, ya adana kuɗinsa ya yi tsaraba. Dattijo mai iya tafiya kaɗan, ya dace da shi idan hanyar shimfiɗe take kuma ɗakin yana ƙasa. Mai keke, da mai ƙananan yara, sau da yawa sabon otal mai ɗan nisa da bas ɗinsa ya fi musu sauƙi, in ba a goman ƙarshe ba, lokacin da ake rufe hanyoyin mota tun kafin Magariba.

Wasu suna jin nauyin yi wa ejan tambayoyi, wai kada a ce sun cika bincike a tafiyar ibada. Kuɗin nan an sayar da riɗi, an sayar da shanu, wani ɗansa ne ya tara shekara da shekaru kafin ya biya masa. Ejan na gari ba ya ƙosawa da tambaya, domin amsar tana hannunsa. Wanda ya fara kame-kame da an tambaye shi sunan otal, ku karɓi fasfonku tun kuna gida. Allah ya kira mu ɗakinsa, ya karɓi ibada, ya dawo da kowa lafiya.