Darasi: Gajiyar Uwa da Barcin Iliya

A Samaru da Sabon Gari mukan ga uwa tana gyangyaɗi a Misa domin yaro ya hana ta runtsawa. Wannan ba raunin bangaskiya ba ne. A 1 Sarakuna, sura 19, da gajiya ta ka da annabi Iliya, sai da Ubangiji ya ba shi barci da abinci kafin ya yi masa magana. Mu ma mu yi haka. In zazzaɓi ne ke tayar da yaron, a kai shi asibiti. In ba shi ba ne, maigida ya karɓi rabin dare, 'yan Zumuntar Mata su riƙe yaron da rana, uwa ta kwanta. Ubangiji ya ba mu hutawa. Amin.