Zo Mu Zauna, Zo Mu Saɓa: Nazarin Jituwar Kifayen Teku a Sabon Tankin Gilashi

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi yadda ake zuba kifaye a sabon tankin gilashi na ruwan gishiri, tare da dalilan da kan sa wasu su zauna lafiya, wasu kuma su hallaka juna. An ɗauki tanki mai cin lita 200 a matsayin misali. Hasashen da aka ɗora nazarin a kansa shi ne, jituwar kifaye ta fi rataya a kan lokacin da aka saka kowanne da kuma wanda ya riga wani shiga, fiye da jerin sunayen da ’yan kasuwa kan ba mai saye.

1.0 Gabatarwa

Ajiye halittun teku cikin gilashi domin kallo da nazari ya bunƙasa ne a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19. A shekarar 1853 aka buɗe ɗakin kifi na farko da jama’a ke shiga kallo, a gidan namun daji na Landan, sannan a 1854 Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa kalmar akwariyom. A yau mafi yawan nau’o’in kifin teku da ake sayarwa domin ado daga duwatsun murjani ake kamo su, musamman na Indunisiya da Filifin, saɓanin kifayen ado na ruwan daɗi waɗanda akasarinsu a gonakin kifi ake ƙyanƙyashe su. Ke nan, duk kifin da ya mutu a tanki saboda ganganci, yawanci daga teku za a sake ɗebo madadinsa.

Sunayen kifi da Hausa ta mallaka, irin su tarwaɗa da karfasa da gaiwa da giwan ruwa, na mazauna koguna da tafkuna ne. Saboda haka an yi amfani da sunayen kimiyya a nan, aka haɗa su da laƙabin Hausa da aka ƙirƙira daga siffar kifin ko ɗabi’arsa. Laƙuban shawara ce kawai ga manazarta.

2.0 Ruwa Kafin Kifi

Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Mai tanki kan haɗa irinsa da tataccen ruwa da gishiri na musamman, domin gishirin miya ba shi da sauran sinadaran da ruwan teku ke ƙunshe da su. Ana riƙe ɗumin ruwan tsakanin digiri 24 da 27 a ma’aunin Salshiyas. Idan ruwa ya ragu saboda tururi, ruwan daɗi ake ƙarawa, tun da gishirin yana nan bai bi iska ba. Kifayen murjani sun taso ne a muhallin da bai cika sauyawa ba, don haka sauyin da tarwaɗa za ta jure a kududdufi kan iya kwantar da su. A wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, dole a tanadi madadinta tun kafin a sayi kifi, domin da zarar ruwan ya daina motsi, iskar numfashi da ke cikinsa kan fara ƙarewa cikin sa’o’i kaɗan.

Babban abin da ke kashe kifi a sabon tanki shi ne amoniya. Kifi na fitar da ita daga jikinsa, haka ma ragowar abinci idan ya ruɓe. Akwai bakteriya da ke mayar da amoniya zuwa naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda dafinsa bai kai na biyun farko ba, kuma ana rage shi ta hanyar sauya wani kaso na ruwan lokaci-lokaci. Waɗannan ƙwayoyi suna zama ne a jikin duwatsu da yashi, kuma sukan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin su wadata. Bugu da ƙari, amoniya ta fi dafi a ruwan teku saboda ƙarancin tsaminsa. Ba a saka kifi sai awo ya nuna babu amoniya, babu naitirait. A da akan jefa ƙananan kifaye masu taurin rai domin su share fage. Wannan dabara, baya ga azabar da ke cikinta, tana haifar da wata matsala da za a gani a gaba. Ɗigon amoniya ta kwalba yana yin aikin ba tare da an sadaukar da rai ba.

Wani abin lura shi ne, yawan bakteriya yana bin yawan ƙazantar da suke samu ne. Tankin da ya iya ɗaukar kifi biyu a yau, idan aka zuba masa takwas gobe, amoniya za ta dawo. Wannan ne ya sa ake barin makonni biyu zuwa uku tsakanin baƙo da baƙo.

3.0 Tushen Saɓani

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce ta baki: abin da ya shiga bakin kifi, abinci ne. Kifin zaki, Pterois volitans, mai dogayen ƙayoyi masu dafi, yana da sanyin tafiya har mai kallo ya ɗauka salihi ne, amma yakan haɗiye duk ƙaramin kifi ko jatan lande da ya iya shiga bakinsa. Ba a haɗa shi da ƙananan kifaye ko da an saye shi yana ɗan ƙarami, domin girmansa kan wuce santimita 30. Masu gajiya da irinsa ma kada su sake shi a teku: tun daga 1985 aka fara ganin sa a gaɓar Fulorida ta Amurka, inda ba asalinsa ba, kuma ya bazu har tekun Karibiyan yana cinye kifayen wurin. Ana danganta wannan da sakin kifayen tanki.

Hanya ta biyu ta fi wuyar ganewa, kuma ita ta fi yawan ɓarna, wato gardamar muhalli. A kan duwatsun murjani kifi kan riƙe rami ko fegin da yake kiwo, ya kori duk wanda zai ci irin abincinsa. Yakan gane abokin gaba ta siffa da launi da ɗabi’a. Saboda haka, kifaye biyu masu kama da juna sun fi saurin faɗa fiye da waɗanda ba su da wata alaƙa, kamar dai yadda kishi ya fi zafi tsakanin masu sana’a ɗaya. A teku, wanda aka kora yakan yi gaba ya nemi wani wuri. A tanki kuwa gilashi ne a gabansa. Sai ya maƙale a kusurwar sama, ya daina cin abinci, launinsa ya dushe, cuta ta kama shi. Sau da yawa mai tanki bai taɓa ganin an cije shi ba.

A nan ne matsalar kifayen share fage take bayyana. Waɗanda aka fi amfani da su dangin damsel ne, kamar Dascyllus trimaculatus, baƙi mai ɗigon fari uku. Yana ƙarami abin sha’awa ne, ga araha, amma yana girma yana ƙara zafin rai. Tun da shi ya fara shiga, tankin gaba ɗaya ya zama gidansa, kuma kamo shi daga cikin duwatsu kan tilasta a rushe su duka.

Akwai kuma kifayen da ake yi wa kallon kitse alhali rogo ne. Gramma loreto na tekun Karibiyan, wanda gabansa shunayya ne bayansa rawaya, yana da sauƙin zama. Pictichromis paccagnellae na yankin Indunisiya yana da launuka iri ɗaya, sai dai mafaɗaci ne. Bambancinsu shi ne, a jikin na farko launukan sun saje a tsakiya kuma akwai baƙin ɗigo a fiffiken bayansa, a jikin na biyu kuwa an raba su kamar da wuƙa.

Dangin wanzamai, waɗanda aka yi wa laƙabin saboda kaifin da ke gindin wutsiyarsu kamar aska, matsalarsu fili ce. Shuɗin wanzami, Paracanthurus hepatus, ya yi suna ta fim ɗin Finding Nemo na 2003. Yakan kai kusan santimita 30, kuma ɗan yawo ne, don haka ba shi da wurin zama a tankin lita 200, komai ƙanƙantarsa a kanti.

4.0 Tsarin Shiga a Tankin Lita 200

Ƙa’idar ita ce mai tsoro ya riga mai ƙarfin hali. Idan mai rauni ya riga ya san ramukansa, zuwan mai ƙarfi ba ya tayar masa da hankali sosai. Shi kuwa mai ƙarfin, da yake baƙo ne, yakan sassauta.

Za a iya farawa da gobi mai gadi, Cryptocentrus cinctus, tare da jatan landen da ke zama da shi, Alpheus bellulus. Zamansu abin nazari ne: jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa rami yana kwashe yashi, gobin kuma yana bakin ƙofa yana tsaro. Jatan landen kan ɗora gashin bakinsa a jikin gobin, da zarar ya ji ya kaɗa wutsiya sai ya faɗa rami, gobin ya bi shi. Su biyun suna ƙasa, ba su tsare wa kowa hanya ba. Tare da su ko bayansu sai kifin wuta, Nemateleotris magnifica, wanda ke shawagi a tsakiyar ruwa. Shi matsoraci ne mai tsalle idan ya firgita, don haka tanki sai da murfi.

Daga nan sai ɗan Banggai, Pterapogon kauderni, guda ɗaya ko miji da mata, domin maza biyu ba sa shiri. Asalinsa tsibiran Banggai ne na Indunisiya, kuma a 2007 aka sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Namijin ne ke riƙe ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe, abin da ya sauƙaƙa kiwonsa. Ke nan babu hujjar sayen wanda aka kamo daga teku. Gramma loreto guda ɗaya zai iya biyo baya.

Na ƙarshe su ne masu ɗamara, Amphiprion ocellaris, masu ruwan lemo da farar ɗamara uku. Guda biyu ƙanana ake saye. A wannan dangi wanda ya fi girma da rinjaye shi ke rikiɗa ya zama mace, na biye da shi ya zama mijinta. Idan ta mutu, mijin ne ke komawa mace. Shi ya sa haɗa manya biyu ke da haɗari, domin mai yiwuwa dukansu mata ne, kuma ba mai komawa namiji. Ba dole ba ne a kawo musu animoni, halittar nan mai harbi da suke fakewa cikinta a teku, wadda ma ba ta jure sabon tanki. Kifaye shida ko bakwai ke nan cikin wata uku zuwa huɗu. Wanda ya saba ganin karfasa cunkushe a tafki zai ga kamar tankin fayau yake, amma iyakarsa ke nan.

Ko da an bi wannan tsari, halin kifi ɗaya kan saɓa wa na danginsa. Idan tsangwama ta yi yawa, akan sauya zaman duwatsu domin iyakoki su ruɗe, ko a ajiye baƙon cikin ɗan akwati mai huji a cikin tankin na ’yan kwanaki har a saba da ganin sa.

5.0 Killacewa da Kifayen da ake Jinkirtawa

Baƙon kifi kan zo da abin da ido ba ya gani. Cryptocaryon irritans kan fito kamar barbashin gishiri a jiki, Amyloodinium ocellatum kuma ta fi ta saurin kisa. Maganin da aka fi amfani da shi yana ɗauke da sinadarin tagulla, wanda ke kashe jatan lande da murjani, kuma duwatsu kan tsotse shi. Saboda haka ba a zuba shi a babban tanki. Idan cutar ta shiga, sai an kwashe kifayen duka, a bar tankin ba kifi na makonni shida zuwa goma sha ɗaya kafin ƙwayoyin su mutu. Ɗan ƙaramin tanki na gefe, inda kowane baƙo zai yi kimanin makonni huɗu ana lura da shi, ya fi wannan wahala sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kifin da ba ya faɗa da kowa amma duk da haka bai dace da sabon tanki ba. Mandarin, Synchiropus splendidus, wanda ado ya ƙare a jikinsa, yana yini ne yana tsintar ƙananan halittu masu rai a jikin duwatsu, kuma da yawansu ba sa karɓar abincin gwangwani. Waɗannan halittu ba sa wadata sai tanki ya yi aƙalla wata shida. Idan aka kawo shi kafin nan, ko aka haɗa shi da mai saurin tsintar irin abincinsa, zai ci gaba da yawo lafiya a ido, cikinsa yana shafewa a hankali har ya mutu. Mai saye kan duba cikin mandarin tun a kanti: idan ya lotsa, yunwa ta riga ta yi nisa.